Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Riƙe Da Ƙofofin Kogin Ogun, Daga Gindin Gadar Kara

Zuwa ga:
Shugaban Hukumar Raya Kogunan Ogun da Osun, Abeokuta,
Masu Girma Gwamnonin Jihohin Ogun da Legas,
Mai Girma Ministan Albarkatun Ruwa, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, ina neman izini in gabatar da kukan wasu bayin Allah waɗanda ba a cika jin labarinsu ba sai sau ɗaya a shekara, ranar da ruwa ya kai musu gwiwa.

Ni dillalin shanu ne a kasuwar Kara, wadda ke gaɓar Kogin Ogun, daidai inda babbar hanyar Legas zuwa Ibadan ta haye ruwan. Na haura shekara ashirin a nan, a nan na yi aure, a nan aka haifa mini 'ya'ya. Na rubuto ne da yawun abokan sana'ata: fataken da ke kawo dabbobi daga Potiskum da Maigatari da Mubi da Illela, da dillalai, da mahauta, da yaran da ke kwana tare da shanu a turke, da masu dakon nama, da iyayenmu mata masu tuwo da masu fura da nono a bakin kasuwa. 'Yan'uwanmu 'yan gwari na Mile 12 sun ji abin da zan faɗa, sun ce in sa da su. Maƙwabtanmu Yarbawa na Isheri da masuntan Agboyi ba su aike ni ba, amma ruwan da ke shiga ɗakina shi ne ke shiga nasu, ina kuma kyautata zaton ba za su ƙaryata ni ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sanarwar nan da ake fitarwa duk damina, cewa za a saki ruwa daga madatsar Oyan, wadda ke kan wani reshen Ogun can sama da Abeokuta, mazauna bakin kogi su tashi su koma tudu. Mun gode da sanarwa, ta fi shiru. Sai dai ta zama kamar kakar rani da damina, ta zo ta wuce, ruwa ya ci abin da zai ci, a raba 'yan katifu da buhunan shinkafa, a jira baɗi. Mu da muke ƙarshen wannan kogi muna ganin ruwan da ke cinye mu a watan Oktoba dukiya ce da aka tara don wani aiki, aikin bai yiwu ba, shi ya sa ake juye mana ita a ka.

Kafin in shiga ƙorafi, bari in faɗi abin da muka sani game da kogin, don kada a ɗauka baƙi ne ke magana a kan abin da ba su fahimta ba. Ogun ya taso ne daga duwatsun yankin Shaki a arewacin Jihar Oyo, ya ratsa dajin tsohuwar daular Oyo, ya yi tafiyar sama da kilomita 300 kafin ya iso mu. A hanya ruwan Ofiki da Oyan da Opeki da ƙoramu masu yawa suna zubo masa. Ya bi ta gindin Abeokuta, ya gangaro Mokoloki da Akute da Isheri, sannan ya rarrabu cikin fadama, wani reshen ya bi ta Agboyi, ya faɗa babban tafkin Legas wanda bakinsa ke buɗe ga teku. Da sunansa aka raɗa wa Jihar Ogun suna ranar da aka ƙirƙire ta a 1976.

Dattawan Awori, masu wannan ƙasa da muke zaune a kanta, suna ba da labarin kakansu Ogunfunminire wanda ya biyo wani akushi da aka ɗora a kan ruwan Ogun, inda akushin ya tsaya ya yada zango, har ya zauna a Isheri, daga baya akushin ya ƙara gaba ya nutse a wajen da ya zama Legas. Sunansu ma daga nutsewar akushin ya samo asali. Egbawa sun kafa Abeokuta wajen 1830 a gabashin kogin, ƙarƙashin dutsen Olumo, ruwan ya zame musu ganuwa ta yamma. Sau biyu rundunar Dahomey ta kawo musu yaƙi, a 1851 da 1864, kuma duka biyun a watan Maris ta zo, lokacin da ruwa ya ja baya har ana iya haye shi da ƙafa. Da damina kuwa kwale-kwale ne ke sauko da auduga da manja daga Abeokuta zuwa Legas, ya koma da gishiri da kayan Turawa, kafin jirgin ƙasa ya karɓe wannan ciniki. Na kawo wannan ne don abu ɗaya: mutanen da suka riga mu sun san kogin nan yana da fuska biyu, sun san watan da yake cika da watan da yake ramewa, sun kuma tsara yaƙinsu da fataucinsu a kan haka. Yanzu da aka sa masa ƙofofi, cikarsa da ramewarsa sun koma hannun mutane. Wanda yake riƙe da ƙofa kuwa, dole a tambaye shi.

Ƙorafinmu na farko a kan lokacin sakin ruwa ne, kuma nan zan fi daɗewa.

Damina a wannan yanki ba irin tamu ta Arewa ba ce. Sau biyu take zubowa da ƙarfi, a Yuni da Yuli, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Ruwan farko ƙasa ke shanye yawancinsa, madatsa ta tare saura. Ruwa na biyu kuwa yana tarar da ƙasa ta ƙoshi, ƙoramu sun cika, tafkin Legas ya tumbatsa, teku kuma tana turo nata in ta yi hawa. Ƙasar da ke tsakanin Isheri da bakin tafki shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, ruwa ba ya samun gangaren da zai gudu. In madatsar Oyan ta shiga Satumba a cike, ba ta da wurin ajiye ko ɗigo, sai a buɗe ƙofofi a daidai makon da kogin ba ya iya ɗaukar ƙari. Haka aka gani a Oktoban 2010, lokacin da ruwa ya mamaye Ajegunle da Owode da wani sashe na hanyar Ikorodu, aka kwashe mutane zuwa sansanin Agbowa. Haka aka sake gani a 2019, aka kuma gani a 2023.

Ba mu ce kada a buɗe ba. Wanda ya ga abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ba zai taɓa roƙon a danne ruwa fiye da ƙarfin bango ba. Da yawanmu muna da 'yan'uwa da abokan ciniki a can. Mun kuma ji bayanin da hukuma ke yi cewa ba ruwan Oyan kaɗai ke isowa Isheri ba, akwai ƙoramu masu yawa a ƙasa da madatsar waɗanda ba su da ƙofa. Gaskiya ne. Mun san akwai wani tsoron ma: in aka rage ruwa da wuri, damina ta biyu ta yi rowa, Abeokuta da Legas za su shiga rani da ƙishi, domin matatar Arakanga da ta Iju da ta Adiyan duk daga wannan kogi suke sha. Amma ai don irin wannan lissafi ne aka yi hukumar hasashen yanayi da hukumar da ke auna koguna, waɗanda ke fitar da hasashensu tun farkon shekara. Ƙoramun da ba su da ƙofa ba wanda zai iya ce musu su dakata. Oyan kuwa tana jin magana, don haka ita ya kamata ta shiga Satumba da sarari a cikinta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A 'yan shekarun nan an ce ana sakin ruwan kaɗan-kaɗan tun farkon damina. In haka ne, madalla, a nuna mana alƙaluman. Tsayin ruwa a madatsa nawa ne yau, nawa ya shigo, nawa aka saka, kwana nawa zai yi kafin ya iso gadar Kara. Wannan ba sirrin tsaro ba ne. Sannan madatsar da Shugaba Shehu Shagari ya buɗe a watan Maris na 1983, aka ce tana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 270, ta haura shekara arba'in tana tara laka da yashi. Duk wanda ya taɓa yashe rijiya ya san abin da laka ke yi wa zurfi. A sake auna cikinta, a faɗa wa jama'a abin da take iya ɗauka a yau.

Na biyu shi ne yadda gargaɗin ke isowa, ko in ce yadda yake tsayawa a hanya.

Zan ba da labarin dare ɗaya. Wata shekara a Oktoba, kwana uku ba a yi ruwan sama a Kara ba, taurari a fili. Wajen ƙarfe biyu yaron da ke kwana da shanuna ya buga mini waya yana cewa, "Baba, ruwa na shigowa ta ƙasa." Kafin in iso ya rufe idon sawu, da asuba ya kai gwiwa, da hantsi sai ga buhunan dusa suna yawo a kai. Muka kwance dabbobi a cikin duhu muka kora su zuwa gefen babbar hanya, inda tireloli ke wucewa a guje. Wanda bai taɓa jan bijimin da ya firgita a cikin ruwa ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Shanun nan ba nawa ba ne, amana ce ta wani dattijo da ya tara su shekaru don aurar da 'ya'yansa. Uku daga ciki sun sha sanyi sun daina cin abinci, dole na miƙa wa mahauta a kan kuɗin da ban iya faɗa masa a waya ba sai da na je da kaina. Daga baya wani maƙwabcina mai karanta jarida ya ce ai an yi sanarwa tun makon da ya wuce. An yi ta da Turanci, a shafin da yaron shanu ba zai taɓa gani ba.

Ban kawo wannan don in ɗora wa wani asarata ba, abin da Allah Ya ƙaddara ya riga ya faru. Na kawo shi ne don a ga tazarar da ke tsakanin fitar da sanarwa da isar da ita. Dubban mutanen da ke kwana a bakin wannan ruwa da Hausa da Fulatanci da Yarbanci da Egun suke mafarki. Kalmar "a koma tudu" kuma ba ta gaya wa mai shanu ɗari inda zai kai su ba, ba ta gaya wa mai jego a Agiliti makarantar da aka buɗe mata ba, ba ta ce yau ne ko jibi ba. Mutum ya tashi sau biyu ruwa bai zo ba, karo na uku ba zai tashi ba, ranar kuwa ruwan ke zuwa.

Na uku shi ne wanda ya fi yi mini ciwo, don ni ɗan ƙasar noman rani ne. An gina Oyan ne don ayyuka uku: ruwan sha ga Legas da Abeokuta, ban ruwa ga hekta kusan 3,000 a ƙasan Ogun, da wutar lantarki. An kafa injuna uku masu ƙarfin megawat uku-uku tun lokacin gini, suka shafe shekara da shekaru ba a amfana da su ba. Can sama a kan Ogun ɗin kansa, a ƙaramar hukumar Iseyin, ga madatsar Ikere wadda ta ninka Oyan girma fiye da sau biyu, ita ma labarin wutarta ya daɗe yana jiran cikawa. Filin ban ruwa na Mokoloki bai kai ko kusa da abin da aka tsara ba.

Ranku ya daɗe, injin wuta in yana juyawa, kullum ruwa yake sha yana fitarwa a hankali. Gona in tana shan ban ruwa daga Nuwamba zuwa Afrilu, madatsa za ta tarbi damina da ciki a sake. Ruwan da ba a yi aiki da shi da rani ba shi ne ke kwana a ciki har damina ta tarar da shi, shi ne kuma ke sauko mana a dunƙule. Mu mun ga abin da madatsar Tiga ta yi wa Kadawa da Kura a Jihar Kano, yadda ƙasar da ke bushewa wata bakwai ta koma kore, har tumatirinta ke yin tafiyar kusan kilomita dubu a kwando zuwa Mile 12. Mun kuma ga abin da sakin ruwa ba tsari ke yi wa mutanen Haɗeja da Auyo. Duka fuskokin biyu mun sani.

Wani zai ce ɗan Arewa ba zai so a noma tumatir a Kudu ba, don kada kasuwarsa ta faɗi. Bakin Legas ya fi ƙarfin gonar kowa, kuma 'yan gwari sun fi kowa sanin yawan kwandunan da ke ruɓewa a hanya. Akwai ma abin da mu 'yan Kara za mu saya da kuɗi a hannu gobe da safe: ciyawa. Harawa da dusa da ƙaiƙayi da muke ciyar da dabbobi, da yawansu a mota ake ɗoro su daga Arewa, kuɗin motar ya hau kan farashin nama. In manoman Mokoloki suka shuka ciyawar kiwo da ruwan Oyan da rani, ga kasuwa a ƙofar gidansu. Dabbar da aka kawo wa abinci a turke ba ta shiga gonar kowa. Duk mai neman maganin rikicin manoma da makiyaya a wannan yanki ya kamata ya tsaya ya dubi wannan.

Na huɗu, fadama. Lokacin da na zo Kara, in ka tsaya a kan doguwar gada ka duba hagu da dama, ciyayi ne da itatuwa da ruwa kwance. Wurin kwanan kogi ke nan in ya cika. Doguwar gadar ma ai don haka aka yi ta doguwa. Yau daga Isheri zuwa Warewa da Arepo da Magboro tifofi sun zuba jar ƙasa, gidaje sun tashi, kuma masu gidajen da yawa suna riƙe da takardun izini masu hatimi. Mai hali ya ɗaga harsashinsa ya zagaye da katanga, ruwan da ya kamata ya kwanta a filinsa ya juya ya nufi ɗakin langa-langar wanda ba shi da shi. Har su masu halin ba su tsira ba, mun ga sun bar motocinsu suna shiga kwale-kwale da kayan ofis a ka. Ba na jin daɗin ganin haka, don su ma da guminsu suka saya. Wanda ya sa hannu a takardar shi ya san taswirar ruwan.

Ga kuma masu haƙar yashi. Talakan da ke nutso da bokiti ya cika kwale-kwalensa tun kakanni ake yi, bai kashe kogi ba. Injunan da ke zuƙe gindin gaɓa dare da rana su ne ke sa ƙasa zaftarewa, su bar ramukan da ke haɗiye yara masu wanka. Yashe hanyar ruwa don ya gudu aiki ne na injiniya mai awo. Haƙar yashi don sayarwa ciniki ne. Kada a bari na biyun ya sa rigar na farko.

Yanzu na zo kan namu. Laifi tudu ne, kuma ba zan taka nawa in hango na wani ba. Jinin yanka da toroso da kashin shanu daga kwatarmu, da yawansu a kogin nan suke ƙarewa. Masu babbakar ganda da tayar mota suna barin baƙar toka ruwa ya wanke. Haka ake yi a kwatar Lafenwa can Abeokuta, inda abin ya fi haɗari don tana sama da wurin da Legas ke jan ruwan sha a Akute, ga ruwan rini na masu adire, ga sharar gari. Namu na Kara yana gangarawa ne ga masuntan Agboyi da Majidun, waɗanda da ruwan suke wanka da wanki, a ciki suke neman abinci. Addininmu ya hana ɓata mashaya, malamanmu suna faɗa, mu kuma muna ji da kunyar abin.

Kowa ya tuna watan Yunin 2016, lokacin da ciyawar ruwan nan mai kama da kainuwa ta haɗu da shara ta toshe kogin a gindin gadarmu, har mutane suka riƙa tafiya a kai suna ɗaukar hoto, wasu na cewa kogi ya ƙafe. Bai ƙafe ba, yana gudu a ƙarƙashi, Allah ne Ya tsare ba a yi asarar rayuka masu yawa ba. Wannan ciyawa da ƙazantar da ke shiga ruwa take ƙiba, kuma muna cikin masu ciyar da ita. In ta toshe hanya, ambaliya ta ƙaru, mu ne farkon waɗanda take ci.

Amma mahauci ba zai iya gina matatar ruwan kwata da kuɗin aljihunsa ba. Kowace tirela da ta sauke, kowane sa da aka sayar, kowane da aka yanka, akwai kuɗin da ake karɓa a ba da rasit. Shekara ashirin ina biya, ban ga magudanar siminti ɗaya da zan nuna in ce ga inda kuɗin ya shiga ba. Kashin shanun da ke ɓata ruwa taki ne da manoman ban ruwa za su yi rububinsa, ana kuma samar da iskar girki da shi, wadda za ta raba masu ganda da taya. Duk lokacin da aka tayar da maganar ƙazanta, abin da ke biyo baya shi ne a tashi kasuwa, kamar yadda aka daɗe ana maganar mayar da Mile 12 zuwa Imota. In tashin ne maslaha, a zauna da mu, a nuna mana wurin da ke da ruwa da hanya da kwata ta zamani, za mu saurara. In kuwa za a kwashe mu ne a zuba jar ƙasa a gina wasu gidajen a kan hanyar ruwa, to an ƙara wa kogin ƙunci, an kuma kai ƙazantar wani rafin.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon Hukumar Raya Kogunan Ogun da Osun ta fitar da jadawalin sakin ruwa na shekara tun kafin watan Mayu, ta kuma riƙa bayyana tsayin ruwan Oyan da na Ikere kowace rana daga Yuli zuwa Nuwamba, a rediyo da saƙon waya, da Yarbanci da Hausa da Turancin kasuwa. In za a ƙara buɗe ƙofa fiye da jadawali, a ba mu aƙalla kwana uku, a faɗi ranar da ake sa ran ruwan zai iso Akute da Kara da Owode. A kafa ma'auni mai fenti a jikin ƙafar gadar Kara, kore da rawaya da ja, wanda ko yaron da bai yi boko ba zai duba ya gane. Lasifikokin masallatanmu a shirye suke, sarakunan Hausawa da na Fulani da shugabannin sassan kasuwa suna da lambar kowa. A ba mu jami'i ɗaya da za mu riƙa kira ya ɗauka.

Muna roƙon Mai Girma Minista ya faɗa wa 'yan ƙasa a fili halin da injunan wutar Oyan da na Ikere suke ciki, da ranar da za su yi aiki yadda aka tsara, ya kuma sa filin ban ruwa na ƙasan Ogun a kasafin kuɗi, tare da keɓe wani sashe don ciyawar dabbobi. Za mu kawo masu saye su sa hannu tun kafin a shuka.

Muna roƙon gwamnonin biyu su zauna a teburi ɗaya a kan wannan kogi, domin iyakar jiharsu a tsakiyar ambaliyar take, kuma sau da yawa kowane ɓangare yana nuna ɗayan. A shata iyakar fadamar da ta rage, a buga taswirar kowa ya gani, a daina ba da izinin gini a cikinta. A buɗe hanyoyin ruwan da suka toshe tsakanin Isheri da bakin tafki, a riƙa kwashe ciyawa kafin Agusta. A ƙidaya injunan yashi, a nisanta su daga gada da gidaje. A tanadi fili a kan tudu inda za a tsayar da dabbobi na mako biyu ko uku in ruwa ya zo, don kada mu sake kora bijimai kan babbar hanya cikin dare. A faɗi sunayen makarantu da ɗakunan taron da iyalai za su fake tun kafin buƙata ta taso, a ajiye jiragen ceto da rigunan ruwa a Agboyi da Ajegunle da Isheri.

A kan kwata kuma, muna roƙon a ware wani kaso sananne daga kuɗin da ake karɓa a kasuwa, a gina magudana da ramukan tace ruwa da wurin tara taki, a sa wakilanmu cikin masu sa ido a kan kuɗin. Mu kuma mun ɗauki alkawarin hana zuba toroso a kogi da babbaka da taya daga ranar da aka ba mu madadin, kuma mu da kanmu za mu hukunta wanda ya saɓa, don mun fi kowane jami'i sanin juna.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Muna gayyatar ku, ko wakilan da ke da ikon yanke magana, ku zo Kara a watan Agusta lokacin da ruwan sama ya tsagaita. Za mu zagaya da ku turakun dabbobi da kwata, mu nuna muku layin da ruwa ya bari a bangon masallaci shekara bayan shekara, mu shiga kwale-kwale tare har Agboyi ku ji daga bakin masunta. Ku zo da injiniyan da ke buɗe ƙofar Oyan, muna so ya ga inda ruwansa ke kwana.

Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya ba ku ikon dubawa.

Wassalam.

Naku,
Wani dillalin shanu a kasuwar Kara,
a madadin abokan sana'arsa.